Gasar Farashin Tikiti a Dogon Zango: Kamfanonin Jirage Masu Araha da Kamfanonin Ƙasa

Gasar da ke tsakanin kamfanonin jiragen sama masu araha da manyan kamfanonin da ke riƙe da tutar ƙasashensu ta kusa shekara hamsin ana yin ta a hanyoyi masu nisa, wato tafiye-tafiyen da ke ɗaukar awa shida zuwa sama. A gajeren zango masu araha sun yi galaba a Turai da Amurka da kudu maso gabashin Asiya. A dogon zango kuwa yawancinsu sun karye, ko da yake sun bar farashi ƙasa da inda suka same shi. Wannan gasa ta iso Abuja kai tsaye a ranar 26 ga Oktoban 2025, lokacin da jirgin kamfanin Air Peace ya tashi daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zuwa filin Heathrow na Landan, hanyar da kamfanin British Airways ya shafe fiye da shekara goma yana bi shi kaɗai ba tare da yada zango ba.

Ma'anar ɓangarorin biyu

Kamfanin ƙasa, a asalin ma'anarsa, shi ne wanda gwamnati ta kafa kuma ta mallaka, kamar Ethiopian Airlines na Habasha da EgyptAir na Masar da Qatar Airways da kuma Nigeria Airways na da. Akwai kuma waɗanda gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa amma suka ci gaba da riƙe tutar ƙasa da gatan da suka gada, irin su British Airways da aka sayar a 1987 da Lufthansa na Jamus. Tushen wannan gata shi ne yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta tabbatar wa kowace ƙasa iko a kan sararin samaniyarta. Daga nan ne ƙasashe suka riƙa ƙulla yarjejeniyoyi biyu-biyu, suna fayyace garuruwan da za a sauka, da yawan tafiye-tafiye a mako, da kamfanonin da kowane ɓangare ya naɗa.

Kamfani mai araha shi ne wanda ya gina kasuwancinsa a kan rage kashe kuɗi. Yakan sayi jirage iri ɗaya domin sauƙin gyara da horar da matuƙa, ya ƙara yawan kujeru, ya sauka a filayen da harajinsu bai da yawa, ya kuma raba farashi gida-gida: kuɗin kujera daban, na kaya daban, na abinci daban. Kamfanin Southwest na Amurka, wanda ya fara tashi a 1971, shi ya shahara da wannan tsari, sannan Ryanair da easyJet suka yaɗa shi a Turai bayan an buɗe kasuwar nahiyar a shekarun 1990.

Air Peace ba ya cikin wannan rukuni a tsarinsa, domin yana da ajin 'yan kasuwa, yana ba da abinci, kuma kuɗin kaya na cikin tikiti. Sai dai a hanyar Landan rawar da ya taka ita ce ta mai karya farashi, kuma martanin da ya fuskanta ya yi kama da wanda masu araha suka saba fuskanta a wasu nahiyoyi.

Tarihin gasar a duniya

Wanda ya fara gwada araha a dogon zango da gaske shi ne Freddie Laker, ɗan kasuwar Birtaniya. A watan Satumban 1977 ya fara jigila mai suna Skytrain tsakanin filin Gatwick na Landan da New York a kan fam 59 tafiya ɗaya. Fasinja yakan sayi tikiti a ranar tafiya, ya kuma biya kuɗin abinci idan yana so. Manyan kamfanoni suka sauke farashinsu, darajar fam ta faɗi a kan dala alhali da dala Laker ya ci bashin sayen jirage, kuɗin ruwa ya hau, kamfanin ya rushe a watan Fabrairun 1982. Wanda aka naɗa ya tattara kadarorinsa ya kai ƙarar British Airways da Pan Am da wasu kamfanoni a kotun Amurka bisa zargin haɗa baki domin karya shi. An sasanta a wajen kotu a 1985 bayan sun amince su biya miliyoyin daloli.

Wasu sun biyo sahu, kuma ƙarshen akasarinsu bai bambanta ba. People Express na Amurka ya fara zuwa Landan a 1983, zuwa 1987 wani kamfani ya haɗiye shi. Oasis na Hong Kong ya yi aiki daga 2006 zuwa 2008. Primera Air ya rushe a watan Oktoban 2018, WOW air na Iceland kuma a watan Maris na 2019. Norwegian, wanda ya fi su duka girma, ya fara dogon zango a 2013 da sababbin jiragen Boeing 787, amma bashi da annobar korona suka tilasta masa rufe wannan sashe a watan Janairun 2021.

Da yawa daga cikin waɗanda suka ɗore 'ya'yan manyan kamfanoni ne. Qantas na Ostireliya ya kafa Jetstar da ya fara tashi a 2004, Singapore Airlines ya kafa Scoot da ya fara tashi a 2012, rukunin da ya mallaki British Airways ya kafa Level a 2017, Japan Airlines kuma ya kafa Zipair. Da wannan dabara babban kamfani yakan tare fasinjan da ke neman araha kafin baƙo ya ɗauke shi. AirAsia X na Maleshiya, da ya fara a 2007, yana cikin 'yan kaɗan masu cin gashin kansu da suka rayu, shi ma sai da aka sake fasalin bashinsa a lokacin annobar.

Dalilin da araha ke wahala a hanya mai nisa

A gajeren zango ribar mai araha tana fitowa ne daga saurin juyawa. Jirgin da ke sauke fasinja ya ɗauki wasu cikin rabin awa yana iya yin sawu shida ko fiye a rana, alhali na babban kamfani yana yin ƙasa da haka. A hanya kamar Abuja zuwa Landan, wadda ta kusa kilomita 4,800 kuma take cin awa shida da wani abu, kowane jirgi zuwa da dawowa ɗaya zai yi a rana, ko na mai araha ne ko na mai tsada. Wannan fifiko ya ɓace ke nan.

Na biyu, kason man jirgi a cikin kuɗin tafiya yana ƙaruwa da nisan hanya, kuma kusan farashi ɗaya kowa ke sayensa. Dokokin hutun matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi sun wajabta kwana a otal a ɗaya ɓangaren. Manyan jirage masu faɗin ciki suna da tsadar saye da haya da inshora. Abin da ya rage wa mai araha ya yanke bai taka kara ya karya ba.

Na uku, babban kamfani yana da hanyoyin samun kuɗi da ƙaramin ba shi da su. Kujerun ajin 'yan kasuwa da na alfarma ba su da yawa, amma su ke kawo kaso mai tsoka na kuɗin shiga, don haka yana iya sayar da wasu kujerun baya da rahusa ba tare da ya ji a jikinsa ba. Yana ɗaukar kayan 'yan kasuwa a cikin jirgi. Yana da cibiya inda ɗaruruwan jirage ke tara masa fasinja daga wasu garuruwa, ga kuma yarjejeniyoyi da ma'aikatu da kamfanoni da tsarin tara maki da ke riƙe matafiya. Da Norwegian ya matsa musu, manyan kamfanonin Turai da Amurka suka ɓullo da tikitin da babu kuɗin kaya a cikinsa, suka daidaita farashinsu da nasa a idon mai duba intanet.

Akwai kuma wani abu da ya shafi kasuwar Najeriya. Matafiyin Najeriya, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko mai ziyarar dangi, da kaya yake tafiya, shi ya sa akwati biyu masu nauyin kilo 23 kowanne suka zama abin da aka saba bayarwa a hanyoyin ƙasar. Tikitin da ba ya ɗauke da kaya, idan aka haɗa masa kuɗin akwati biyu da abinci, sau da yawa yakan kamo wanda aka guje wa.

Najeriya: ƙasar da ba ta da kamfanin ƙasa

A yawancin ƙasashe mai araha baƙo ne ko sabon shiga, kamfanin ƙasa kuma shi ne mai gida. A Najeriya lamarin a juye yake. An kafa kamfanin da ya zama Nigeria Airways a 1958, gwamnati ta mallake shi baki ɗaya a 1961, kuma a lokacin ƙarfinsa yana da jirage kusan 30 da ke zuwa Landan da New York da Jidda. Bashi da rashin kyakkyawan shugabanci suka cinye shi, ya daina tashi a 2003, aka rushe shi. Sai a 2018 gwamnatin tarayya ta amince da sakin sama da naira biliyan 22 domin biyan wani ɓangare na haƙƙoƙin tsofaffin ma'aikatansa.

Tun daga nan kamfanoni masu zaman kansu ne gwamnati ke naɗawa su riƙe kason Najeriya a hanyar Landan. Virgin Nigeria, wanda masu zuba jari na Najeriya ke da kashi 51 cikin ɗari a cikinsa, Virgin Atlantic kuma kashi 49, ya fara tashi a 2005, ya bar dogon zango a farkon 2009, ya sauya suna zuwa Air Nigeria, ya rufe a 2012. Arik Air ya fara zuwa Heathrow daga Legas a ƙarshen 2008, daga bisani ya ƙara da Abuja. A 2017 hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe ragamarsa, tafiye-tafiyensa masu nisa suka tsaya. Med-View ya fara zuwa Gatwick a 2015, amma a 2017 Tarayyar Turai ta saka shi cikin jerin kamfanonin da ta hana shiga sararin samaniyarta.

Yunƙurin farfaɗo da kamfanin ƙasa bai kai ga gaci ba. Ƙaramin ministan sufurin jiragen sama na lokacin, Hadi Sirika, ya ƙaddamar da sunan Nigeria Air a baje kolin Farnborough a watan Yulin 2018. Tsarin da aka sanar daga baya ya ba Ethiopian Airlines kashi 49 cikin ɗari, masu zuba jari na cikin gida kashi 46, gwamnatin tarayya kashi 5. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama na Najeriya ta garzaya kotu tana ƙorafin cewa tsarin zai durƙusar da mambobinta. An nuna wani jirgi mai ɗauke da sunan kamfanin a Abuja a ranar 26 ga Mayun 2023, kwana uku kafin sauyin gwamnati. Sabon minista, Festus Keyamo, ya dakatar da shirin, sannan Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke yarjejeniyar a watan Agustan 2024.

Saboda wannan giɓi, arahar da matafiyin Abuja ko Kano ya saba samu takan fito ne daga kamfanonin wasu ƙasashe da ke bi da shi ta cibiyoyinsu: Ethiopian ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Qatar Airways ta Doha, Turkish Airlines ta Istanbul. Fasinja yana biyan kuɗi kaɗan, amma ya biya da lokacinsa a ɗakin jira. Kamfani mai araha na ainihi da Hausawa suka fi sani shi ne flynas na Saudiyya, wanda ke ɗaukar wani kaso na alhazan Najeriya bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu. Sai dai jigilar aikin hajji kwangila ce da hukumar alhazai ta ƙasa ke ƙullawa, ba kasuwar da kowane maniyyaci ke zaɓen tikitinsa ba.

Kuɗaɗen da suka maƙale da tsadar tikiti

Tsakanin 2022 da 2023 ƙarancin dala ya hana kamfanonin waje fitar da kuɗaɗen tikitin da suka sayar da naira. Ƙungiyar kamfanonin sufurin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗaɗen sun kai kimanin dala miliyan 850 a tsakiyar 2023, mafi yawa a kowace ƙasa a lokacin. Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai ranar 1 ga Oktoban 2024. Waɗanda suka zauna sun rufe tikitocinsu masu rahusa ga masu saye da naira. Da darajar naira ta faɗi bayan sauya tsarin musayar kuɗi a watan Yunin 2023, tikitin ajin gama-gari zuwa Landan ya kai miliyoyin naira. A farkon 2024 Babban Bankin Najeriya ya biya mafi yawan kuɗaɗen, hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, kuma ta umarci kamfanonin su sake buɗe tikitoci masu sauƙi.

Shigar Air Peace

Cikin wannan yanayi ne Air Peace, wanda Allen Onyema ya kafa a 2013, ya fara jigila tsakanin Legas da Gatwick a ranar 30 ga Maris na 2024, inda ya sanar da cewa tikitin zuwa da dawowa na ajin gama-gari zai fara daga naira miliyan 1.2. A watannin farko ya ɗauki hayar jirgin Boeing 787 da ma'aikatansa daga Norse Atlantic, kamfanin Norway mai araha da ya fara tashi a 2022 da jiragen da Norwegian ya bari.

Cikin makonni kaɗan kamfanonin waje suka sauke farashinsu sosai. Onyema ya fito fili ya yi zargin cewa ana sayar da tikiti ƙasa da kuɗin da aka kashe ne domin a kore shi daga hanyar, sannan a mayar da farashi sama. Masu nazarin harkar sun nuna cewa wasu dalilai sun haɗu a lokaci guda, domin naira ta ɗan farfaɗo a watannin Maris da Afrilu na shekarar, an kuma sake buɗe tikitoci masu rahusa. Bambance gasa ta halal da karya farashi da gangan aiki ne mai wuya a ko'ina, domin sai an binciki ainihin abin da kamfani ke kashewa a kan kowace kujera. A Najeriya alhakin hakan yana kan NCAA da hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Rikicin gurbin sauka

Yarjejeniyar Najeriya da Birtaniya ta ba kowane ɓangare tafiye-tafiye 21 a mako, amma izinin zuwa ƙasa daban yake da gurbin sauka da tashi a filin jirgi. Heathrow a cike yake. Wata hukuma mai cin gashin kanta, ACL, ita ke raba gurabe, kuma kamfanin da ya yi amfani da gurbinsa kashi 80 cikin ɗari na lokaci yana riƙe shi a zangon gaba. Tsofaffin kamfanoni sun gaji gurabensu, sabo kuma sai ya jira, ko ya yi haya, ko ya saya. A 2016 an ruwaito cewa Oman Air ya biya dala miliyan 75 domin gurbin sauka da tashi guda ɗaya na safiya.

Hanyar Abuja ta taɓa faɗawa cikin wannan tarko. A ƙarshen 2011 Arik ya dakatar da jigilarsa daga Abuja zuwa Heathrow saboda rikici a kan guraben da yake haya, gwamnatin tarayya kuma ta yi barazanar rage zuwan British Airways Legas. An sasanta, amma a 2012 jigilar ta sake tsayawa. A watan Agustan 2024 tarihi ya maimaita kansa: Keyamo ya rubuta wa sakatariyar sufurin Birtaniya, Louise Haigh, cewa idan ba a ba Air Peace gurbi a Heathrow ba, Najeriya za ta iya hana British Airways da Virgin Atlantic manyan filayenta na Legas da Abuja. Birtaniya ta amsa cewa rabon gurabe ba a hannun gwamnati yake ba. Bayan tattaunawar da ta ɗauki watanni ne aka samu gurbin da ya ba da damar tashin watan Oktoban 2025, aka kuma haɗa da jigila daga Abuja zuwa Gatwick.

Abubuwan da za su yanke makomar gasar

Kamfanin Najeriya yana karɓar mafi yawan kuɗinsa da naira, amma hayar jirgi da inshora da kayan gyara da horar da matuƙa duk da dala ake biya, kuma farashin man jirgi yana bin dala. Wannan ita ce matsalar da ta kayar da Laker. Kuɗin ruwan bankunan gida ya ninka wanda kamfanonin Turai ke biya sau da yawa. Domin rage tsadar haya, Najeriya ta fitar da ƙa'idojin kotu a watan Satumban 2024 kan aiwatar da yarjejeniyar Cape Town, wadda ke ba mai jirgi tabbacin karɓar kayansa idan mai haya ya gaza biya. Gwamnati ta kuma bayyana cewa ta karkata ga tallafa wa kamfanoni masu zaman kansu maimakon zuba kuɗin jama'a a sabon kamfanin ƙasa, ana kuma maganar dokar da za ta wajabta wa jami'an gwamnati hawa jiragen gida, kwatankwacin wadda Amurka ta yi a 1974.

Sababbin jirage ma suna iya sauya lissafi. Airbus A321XLR, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2024, ƙaramin jirgi ne da ke iya tafiyar kimanin kilomita 8,700, don haka Landan da Jidda da Dubai duk suna cikin ikonsa daga Abuja ko Kano. Cika kujeru kusan 200 ya fi sauƙi a kan cika 350. A cikin nahiya kuma, kasuwar bai-ɗaya ta sufurin jiragen sama da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a watan Janairun 2018, wadda Najeriya ta sa wa hannu, za ta iya ba kamfanin gida damar tara fasinjojin Yamai da Njamena da Akara a Abuja kafin ya wuce da su Turai, idan aka aiwatar da ita.

Ga matafiyi, ƙa'idar da tarihi ya nuna ita ce farashi yana sauka ne gwargwadon yawan masu jigila a hanya, yana kuma hawa da zarar ɗaya ya fita. Masu harkar tafiye-tafiye sukan shawarci fasinja ya kwatanta jimillar abin da zai biya, wato tikiti da kaya da kuɗin sauya rana da tsawon jira a hanya, ya kuma duba yawan tafiye-tafiyen kamfani a mako, domin mai jirage kaɗan yakan rasa wanda zai maye gurbi idan ɗaya ya samu matsala. Dokokin NCAA sun tanadi haƙƙin fasinja idan aka soke tafiya ko aka jinkirta ta, jiragen da ke tasowa daga Birtaniya kuma, na kowane kamfani ne, suna ƙarƙashin dokar biyan diyya ta can.